Iliasu Ba Ɗan Ofis Ba Ne

A Salaga, idan ka ce gidan Masu Sutura, babu wanda zai tambaye ka wane gida kake nufi. Tun zamanin da fatake suke sauke goro a garin, wankan gawar maza na unguwarsu a hannun wannan gida yake. Ba sarauta ba ce, ba a naɗa mata rawani, ba a kuma biyan ko kwabo a kanta. Amana ce kurum. Mai wankan gawa yana ganin abin da ko matar mutum ba ta taɓa gani ba, ya fito ya ja bakinsa ya yi shiru har nasa wankan ya zo. Shi ya sa mutanen unguwa ba sa miƙa mamacinsu ga kowa sai hannun da suka sani, suka san ubansa da kakansa.

A gidan nan aka haifi Iliasu. Mahaifinsa ya rasu tun bai yi wayo ba, ƙanin mahaifin, Baba Awudu, shi ya riƙe shi, kuma shi ne mai wankan a lokacin. Baba Awudu 'ya'ya mata Allah ya ba shi. Sauran samarin gidan kuwa duk sun watse, wasu Kumasi, wasu sun bi sahara ba a ƙara jin ɗuriyarsu ba. Saboda haka tun Iliasu yana saurayi kowa ya san inda aka dosa: ko ya karɓi aikin daga hannun Baba Awudu, ko aikin ya bar gidan gaba ɗaya.

To amma wanka ba ya cika tukunya. Iliasu ya koyi tuƙi a wurin masu lodin doya, ya yi hannu, har gidan waya suka ɗauke shi direban motar jakunkunan wasiƙu. A nan ne aka ɗaura masa hanyar da ta cinye ƙuruciyarsa. Ya tashi daga Salaga ya bi ta Bimbila zuwa Yendi, ya sauke ya ɗauka, ya miƙe arewa ta Gushegu, ya gangara dutsen Nakpanduri yana salati, ya shiga Bawku jikinsa kamar an daka shi a turmi. Sa'an nan ya juyo. Masu cewa yanzu wa yake aika wasiƙa ba su taɓa leƙa bayan motar nan ba. Takardun makaranta, maganin tsofaffi daga 'ya'yansu na waje, kayan da 'yan mata suka saya ta waya, duk nan suke. Yawancin mako yana hanya. Matarsa Asiatu takan ce ita da motar ba ta san wadda aka fara aura ba.

Baba Awudu kuwa tsoho ne mai ka'ida, kuma ka'idarsa ba ta lanƙwasuwa. Tsarin wanka kowane malami ya san shi, yana cikin littafi. Abin da babu a littafi shi ne hannu: yadda za ka juya ƙaton mutum ba tare da kansa ya bugu ba, yadda za ka lallashi gaɓar da ta sandare har ta saki, yadda za ka danna ciki a hankali kamar mai jin tsoron ya tashe shi. Wannan ba a koyonsa sai a kan gawa, gawa kuma ba ta sanar da ranar zuwanta. Idan rasuwa ta faɗo ranar da Iliasu yake gari, Baba Awudu yakan shiga da shi, ya ba shi buta ya ce ya zuba. Shekara da shekaru bai wuce zuba ruwa ba.

Wata rana ya gaji ya ce, "Baba, sai yaushe zan sa hannu?"

Tsohon ya ce, "Sai ranar da na gan ka sau uku a jere. Kai kuwa yau ka zo, sai ka ɓace wata biyu, ka dawo hannunka ya manta. Uban wani ne fa a kwance, Iliasu. Ba tayar mota ba ce da za ka koyi cirewa a kanta."

Maganar ta yi masa zafi, don gaskiya ce.

Ana cikin haka sai maganar ƙungiya ta taso. Sakataren ƙungiyar ma'aikata na shiyyar wani ne Zainudin, ma'aikacin kanta a ofishin Bawku, ɗan gayu mai zaƙin baki, wanda idan ya fara magana ko kuka kake sai ka tsaya ka ji. Shi ya tara su wata la'asar a bayan ofis ya karanta musu buƙatun da za a kai wa manya a Ankara, babban birni. Na farko, a rage awoyin aiki. Na biyu, a ba da sassauci: idan lalura ta taso wa mutum, ya gaya wa na gaba da shi, ya tafi, daga baya ya rama, ko ya yi musayar rana da abokin aiki. Da Turanci yake karantawa yana fassarawa, kuma kowane layi sai ya ambaci waɗanda abin ya shafa, "ofis sitaf".

Iliasu yana tsaye jingine da motarsa, murna ta kama shi. Wannan ai shi aka rubuta wa. Idan aka yi rasuwa yana Yendi, sai ya bar wa abokin aikinsa, direban Tamale, motar ya hau ta haya ya koma gida. Kwanakin hanya su ragu, Baba Awudu ya gan shi sau uku a jere, har sau goma. Kalmar nan ta ofis kuwa ko kaɗan ba ta tsaya masa a rai ba. A ƙasar nan wa yake cewa gidan waya in ba tsofaffi ba? Kowa fos ofis yake cewa. Shi kansa a tasha Iliasu Fos Ofis ake kiransa. A jinsa, ofis sitaf na nufin duk mai cin abinci a ƙarƙashin fos ofis, daga manaja har mai gadi. Ya tafa hannu ya fi kowa ƙarfi.

Daga ranar ya zama ƙafar ƙungiya. Su Zainudin suna da baki, amma bakin nan a bayan kanta yake zaune. Wanda yake taka garuruwan nan duka kowane mako mutum ɗaya ne. Shi yake kai saƙo, shi yake dawo da amsa, shi yake zama da matsorata yana ba su zuciya. A Yendi akwai Muniratu, wadda ita kaɗai take riƙe da kanta, mace mai 'ya'ya ƙanana da uwa marar lafiya. Ta ce ita babu ruwanta, kada a je a cilla ta wani ƙauye. Iliasu ya yi ta bin ta da lallashi mako bayan mako.

"Ƙanwata, don irinki ake wannan faɗa. Ranar da tsohuwa ta tashi ba daɗi, ba sai ki rufe ki kai ta asibiti ba? Ki sa hannu, ni ne shaidarki."

Ta sa hannu. Da abin ya yi tsami aka ce kowa ya ɗaura jan ƙyalle, alamar ma'aikata sun fusata, 'yan ofis suka ɗaura nasu a hannu suna ɓoyewa ƙarƙashin kanta idan manaja ya leƙo. Iliasu ya samo ƙyalle kamar zanin goyo ya ɗaura a madubin mota, ya ratsa jihohi da shi kowa yana gani. Shi kaɗai aka kira babban ofis na Tamale aka yi wa kashedi. Ya dawo yana dariya, yana cewa wanda yake son zuma ba ya tsoron harbi.

Aka daɗe ana ja, sa'an nan manya suka sauko, aka sa hannu a yarjejeniya. Ranar da labarin ya iso yana Bawku. Aka sayo balangu da lemo, aka ɗaga Zainudin sama. Bayan an lafa Iliasu ya ja shi gefe, fuskarsa cike da fara'a.

"Sakatare, to ni yaya za a tsara nawa? Da direban Tamale zan riƙa musaya, ko za a ba ni mataimaki?"

Zainudin ya tsaya da tsinken nama a hannu. Ya dube shi kamar yau ya fara ganinsa, ya kira shi da "Masa", wato "masta" ɗin girmamawa na mutanen ƙasar.

"A'a, Masa Iliasu. Wannan agirimen na ofis sitaf ne. Kai rod sitaf ne."

"Ni mene ne?"

"Rod sitaf. Mutanen hanya. Direba, masu babur, duka. Ofis sitaf shi ne wanda yana zaune cikin ofis. Ai na karanta, kana wurin, ka tafa hannu."

"Ni ba fos ofis nake wa aiki ba?"

"Kana yi, amma ba haka Turanci ya ce ba. Ka yi haƙuri, Masa. Naku yana zuwa fes tu. Zagaye na biyu. Ba mu manta ku ba."

Ba su manta ba! To da sun manta fa, me za su yi? Mutum ya yi shekara yana karanta kalma a gaban direba, yana kallon direban yana tafi, yana aikensa gari gari, bai taɓa tsayawa ya ce masa, bawan Allah, ka san fa babu kai a ciki ba. Ko dai Zainudin bai lura ba, wanda abin kunya ne, ko ya lura ya yi shiru don kada ƙafar ƙungiya ta karye, wanda ya fi muni. Iliasu bai ci naman nan ba. Ya fita ya zauna a mota, kunya da haushi suna cin sa, ya rasa wanda ya fi.

Da a ce an bar shi yadda yake ma, da da sauƙi. Ba a bar shi ba. Ofisoshi suka koma rufewa da wuri, jaka kuma doka ta ce ba a ajiye ta a ƙofa, sai hannu da hannu. Saboda haka dole ya riga lokacin rufewa isa kowane gari, a kan hanyar da ramukanta ba su sa hannu a wata yarjejeniya ba. Idan taya ta fashe, ko gada ta cika da ruwa, ya iso ya tarar da kwaɗo a ƙofa, sai kwana. Ga kuma sassauci. Ya sha isowa Yendi da rana tsaka ya ga ofis a rufe, an liƙa sanarwa cewa ma'aikaciya ta fita lalura, za ta rama gobe. Sai ya zauna a inuwar mota yana jiran goben. Kwanakinsa na gida, da suke kaɗan, suka ƙara ƙanƙancewa. Hutun da aka ba 'yan ofis daga jikinsa aka yanko shi.

Abin da ya fi ci masa rai, babu wanda zai zaga. Muniratu takan zo da safe tana sauri tana ba shi haƙuri, da kokon koko da ƙosai a hannu.

"Yaya Iliasu, ka gafarce ni. Jikin Mma ne ya tashi jiya."

Me zai ce mata? Shi da bakinsa ya ce ta rufe ta kai tsohuwa asibiti. Sai ya karɓi kokon ya ce Allah ya ba ta lafiya, ya haɗiye sauran maganar tare da ƙosan.

Ya je Tamale ya roƙi a mayar da shi cikin ofis, ko da tantance wasiƙu ne, ko da shara. Manaja ya saurare shi har ƙarshe, ya ce ya ji, amma wa zai ja motar? Ya tuntuɓi Zainudin a kan zagaye na biyu har ya gaji. Yau a ce ana jiran taron ƙasa, gobe a ce an canja shugabanni. Waɗanda suka samu nasu sun riga sun kwance jan ƙyalle sun goge takalmi da shi. Asiatu ta ce ya ajiye aikin mana. Ya dubi yaransu da ke makaranta, ya dubi tsohon da shi yake saya wa magani, ya ce ta bari tukuna.

Hannun Baba Awudu kuwa ya fara rawa. Wani dawowa da Iliasu ya yi, ya ji a bakin mutane cewa an yi rasuwa biyu a bayansa, kuma Baba ya shiga da Ayyub. Ayyub tela ne, mutumin Kete Krachi da ya zauna a unguwar, kamili, ba ruwansa da kowa. Shagonsa nasa ne, idan aka kira shi sai ya rufe ya taho. Iliasu ya shiga ɗakin tsohon ko takalmi bai gama cirewa ba.

"Baba, baƙo ka shigar? Ina raye?"

"Zauna."

"Na ce ka ƙara mini lokaci. Ana gyara maganar aikinmu."

Baba Awudu ya ɗaga hannuwansa biyu ya nuna masa yadda suke karkarwa. "Ni zan jira ka har in mutu, ɗana. Mamaci ne ba ya jira. Kwanan baya kan Malam Abdul-Gafar ya kusa kuɓuce mini. Ka so in yar da bawan Allah don in tsare sunan gida?"

Tsohon ya sassauta murya ya ce, "Ban ba shi ba. Aro na ba shi. Ka zo ka karɓi abinka."

Ya yi niyyar zuwa, Allah ya sani. Ya nemi hutun shekara, aka ce sai an samu wanda zai riƙe mota. Aka sa masa watan da zai tafi, aka ɗaga, aka sake ɗagawa.

Baba Awudu ya rasu ranar wata Asabar da hantsi, Iliasu yana gida, yana riƙe da kansa. Wannan karon hanya ba ta ba shi uzuri ba. Kafin azahar ƙofar gida ta cika, don babu gidan da tsohon bai taɓa shiga ya suturta wani nasu ba. Aka ɗora ruwa, aka kawo ganyen magarya da kafur. Liman ya dubi Iliasu a gaban jama'a ya ce, "Bismilla, ɗan gida." Mutane suka dare suka ba shi hanya. Ayyub ya bi bayansa da buta, kansa a ƙasa.

Aka rufe ƙofa. Iliasu ya naɗe ƙyalle a hannu yadda ya sha gani. Ya yi niyya, ya fara, kuma farkon ya tafi daidai. Da aka zo juyawa ɓangaren dama, ya sa hannu ƙarƙashin kafaɗar, ya ɗaga. Tsohon da bai kai nauyin buhun gari ba ya zame masa kamar dutse. Kafaɗa ta tafi, wuya bai bi ba, kan ya sulluɓe zai bugi katako. Ayyub ya saki buta ya tare shi da tafin hannu.

Iliasu ya dubi fuskar mutumin da ya yi rayuwarsa duka bai bar kan kowa ya bugu ba. Hawaye suka zubo masa. Ya warware ƙyallen daga hannunsa ya miƙa.

"Malam Ayyub, yi masa. Yi masa yadda ya koya maka."

Ayyub ya ce a hankali, "In riƙe hannunka mu yi tare. Ba mai sani."

"Shi zai sani."

Ayyub ya yi wankan, kuma ya yi shi da kyau, Iliasu yana tsaye yana kallon hannun gidansu a jikin wani. Da suka fito babu wanda ya yi tambaya. Ba a buƙata. Hannun rigar Ayyub a jiƙe yake har gwiwar hannu, ƙamshin kafur yana tashi daga gare shi. Dattawan unguwa suka duba, suka kau da kai.

Ranar addu'ar uku, ranar aiki ce, sai ga Zainudin ya sauko daga motar haya tun daga Bawku, da Muniratu da ya biya ya ɗauko a Yendi. Ita ta shige wurin mata. Shi ya zauna kan tabarma kusa da Iliasu, aka yi addu'a aka shafa. Kuma don Allah ya gani, da zuciya ɗaya ya zo. Shi ya sa abin da ya faɗa ya fi ciwo.

"Masa, ka ga amfanin agirimen? Da zamanin da ne, wallahi ba mu samu zuwa. Yanzu na gaya ma manaja kawai, na rufe, na taho."

Iliasu ya juyo ya dube shi. Fushi ya taso masa, amma zaman makoki ne, tabarmar Baba ce. Ya ce, "Na gani, Sakatare. Na ga amfaninsa sarai."

Bai rufe baki ba sai ga wani magidanci daga ƙasan unguwa ya taho da sauri, idanunsa jajur. Ya yi sallama, ya durƙusa gaban Iliasu ya yi masa gaisuwa a gurguje. Sa'an nan ya ɗaga kai yana dube-dube cikin jama'a.

"Malam Ayyub yana nan? Yayana ne, yanzun nan Allah ya yi masa cikawa."

Aka ɗauki salati. Ayyub ya miƙe daga can gefe, ya zo ya tsaya gaban Iliasu yana murza hula, ya kasa haɗa ido da shi. Da ƙyar ya ce yana neman aron katakon wanka da bahon gidan. Iliasu ya tashi da kansa ya shiga ciki ya fito da su. Katakon ya yi santsi don tsufa, tun na kakansa ne. Ya ɗora wa Ayyub a kafaɗa.

"Idan ka gama, ka bar su a wurinka."

Suka tafi, jama'a da yawa suka bi su. Tabarma ta yi fili. Zainudin, wanda bai fahimci abin da ya faru a gabansa ba, ya gyara zama ya matso.

"Af, kafin in manta. Manaja na Tamale ya ce in tambaye ka. Jaka ya taru da yawa a Yendi. Jibi za ka iya fita da mota?"

Iliasu yana kallon bayan Ayyub har ya sha kwana.

Ya ce, "Zan fita. Gaya masa ko kullum yake so zan fita. Yanzu babu mai nemana a garin nan."